Sabon birki zai tsayar da mota da wuri?

Ɗan uwa mai karatu, ko ba ka da mota, kana shiga mota. Daga Dakoro zuwa Maraɗi, ta Kornaka, ranka yana hannun direba da birkinsa. To, wannan darasi naka ne.

Wani lokaci mai gyara yakan ce wa mai mota: "Alhaji, canza birkin nan, ka sa babba mai ƙarfi, motarka za ta tsaya cak." Kafin ka kwance bakin aljihu, tsaya ka yi tunani. Mene ne yake tsayar da mota?

Birki yana riƙe taya. Ita kuma taya ita ce take riƙe ƙasa. Idan ka taka birki da ƙarfi, tayoyi suka daina juyawa, amma mota tana ta jan ƙasa, to birkinka ya gama aikinsa. Ba ƙarfi ya rasa ba. Taya ce ta kasa kama hanya. Ko ka sayo birkin da ya fi kowane tsada, nan mota za ta tsaya inda ta saba tsayawa. Dubi tayarka. In ta suɗe, zanenta ya ɓace, kuɗinka ya tafi wajen taya tukuna. A kan rairayi da burji, kamar hanyoyin ƙauyukanmu, ko sabuwar taya ba ta kamawa kamar a kan kwalta.

Sai gudu. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa 1. Wato kafin direba ya ga raƙumi ya ɗaga ƙafa, ta wuce mita 14, birki bai ma fara aiki ba. In gudun ya kai 100, mita 28 ke nan. Kuma in ka ninka gudu sau 2, nisan jan birki yakan ninka sau 4. Ka ji ko? Sau 4, ba sau 2 ba.

Amma akwai lokacin da mai gyara yake da gaskiya. In ka taka birki ka ji shi laushi kamar soso, ko ƙafarka ta kai ƙasa, ko ka ji ƙarfe yana cin ƙarfe, kada ka jira gobe. Wataƙila takalmin birki ya cinye, ko iska ta shiga cikin man birki. Man birki yana shan ruwa a hankali, shi ya sa ake canza shi kamar bayan shekara 2. Haka nan Hilux ɗin da aka labta wa buhunan gero, da awaki, da mutane bisa kaya ranar kasuwa (mun san halinmu), birkinta yakan yi zafi ya rage kamawa. Nan birki mai kyau yana da amfani, ko da yake rage kayan ya fi sauƙi.

Kana iya awo da kanka. Biɗi fili inda babu mutane ko dabbobi. Ja layi a ƙasa. Taho da gudun 40, in ka kai layin ka taka birki sosai. Sauka ka ƙirga taku nawa ne daga layin zuwa gaban mota, ka rubuta a littafinka. Bayan gyara, koma wuri guda, da gudu guda, da kaya guda, ka sake ƙirgawa.