Halarto da Hankali a Matsayin Magani: Kwatancin Hanyoyi Uku

1.0 Gabatarwa

Halarto da hankali shi ne mutum ya lura da abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa a halin da yake ciki, ba tare da ya yanke masa hukunci ba. Asalinsa horon zuciya ne na mabiya addinin Buda, daga bisani masana suka raba shi da ibada, suka shigar da shi asibiti. Wannan maƙala za ta kwatanta uku daga cikin hanyoyin da aka gina a kansa.

2.0 Hanyoyin

Ta farko Jon Kabat-Zinn ne ya ƙago ta a 1979, a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, musamman domin masu ciwon jiki da ya ƙi jin magani. Akan yi mako 8 ana koyon bin numfashi da sauraron gaɓoɓi, tare da bitar minti 45 kullum a gida.

Ta biyu ta Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale ce. Sun ari tsarin mako 8 ɗin, suka haɗa shi da dabarun gane mugun tunani, don hana ciwon damuwa mai tsanani dawowa. Bincikensu na 2000 ya nuna cewa cikin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau 3 ko fiye, ya dawo wa kashi 37 cikin 100 na masu horon, alhali ya dawo wa kashi 66 na sauran. Waɗanda ya kama sau 2 kuwa ba su amfana ba.

Ta uku ita ce ta Marsha Linehan ta Jami'ar Washington, wadda littafinta ya fito a 1993, domin masu yawan yunƙurin halaka kansu. A nan ba a dogon zaman shiru, sai gajerun darussa da ake haɗawa da koyon jure ƙunci da danne fushi da zama da mutane.

3.0 Kammalawa

Dukkansu sun yi tarayya a kan cewa ba a kokawa da tunani, kallonsa ake yi har ya wuce. Inda suka saɓa shi ne, a hanyoyi biyun farko halarto da hankali shi ne ginshiƙin maganin, a ta uku kuwa tsani ne zuwa ga gyaran hali. Saboda haka kuskure ne a ce wata ta fi wata. Sai an dubi cutar tukuna a zaɓi hanyar.