Yadda Ake Wanke Ƙarafan Inji Da Goge Su A Gida

A yau da wuya a shiga ƙauye ba a ji ƙarar inji ba. Ga babur, ga janareto, ga injin ban ruwa a fadama. Kuɗi mai yawa ake kashewa kafin a mallake su. Amma sau da yawa, in an sayo inji ba a ƙara duban jikinsa sai ranar da ya tsaya. Manomin rani kuwa ya san illar tsayawar inji. Kwana kaɗan ba ruwa, sai tumatir ya fara yaushi.

Darasin wannan wata zai nuna yadda mai inji zai tsabtace farin ƙarfen da ke jikin injinsa da kansa, ba tare da ya yi ɓarna ba.

WANE IRIN ƘARFE NE?

Sunan wannan farin ƙarfe alminiyam. Wasu suna ce masa sanholo ko goran-ruwa. Da irinsa ake zuba tukwane da ludaya. Da shi ake yin murfin injin babur, da kan inji, da kafireto, da gangar jikin yawancin ƙananan injinan ban ruwa.

Gane shi ba wuya. A kanga masa maganaɗisu. In bai kama ba, kuma ƙarfen fari ne marar nauyi, to galibi shi ne. Nauyinsa wajen kashi 1 cikin 3 ne na baƙin ƙarfe. Yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin sakinsa. Ba ya yin jar tsatsa. Sai dai danshi da gishiri da takin zamani suna cinsa, har ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Kuma yana da laushi. Abu kaɗan ke karce shi.

ME YA SA ZA A TSABTACE SHI?

Dalili na farko shi ne zafi. Ƙananan injina iska ce ke sanyaya su. Shi ya sa ake yi wa kan inji ƙarafa jere-jere kamar haƙarƙari, don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Idan laka da baƙin mai suka cike tsakaninsu, tamkar an lulluɓa wa mutum bargo ne a tsakiyar bazara. Inji zai yi ta zafi, ƙarfinsa ya ragu, kwanansa ya gajarta.

Na biyu, datti yana ɓoye ciwo. A jikin inji mai tsabta ne ake ganin tsaga tun tana ƙarama, a kuma gane inda mai yake yoyo.

Na uku, ranar sayarwa inji mai tsabta ya fi daraja a idon mai saye.

KAYAN AIKI

Kananzir kaɗan, da ruwa, da sabulu. Tsohon buroshin goge baki. Tsumman auduga masu laushi. Sanfefa irin wadda ake jiƙawa da ruwa. Man goge ƙarfe, kamar Autosol, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan babur.

A bayan kowace sanfefa akwai lamba. A lura da ita. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba ita ce mai laushi. A nemi 400, da 600, da 1000, da 1500. In an sami 2000, ya fi kyau.

YADDA AKE AIKIN

1. A kashe inji, a bar shi ya huce sarai. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga shi. A cire hular fulogi don kada ya tashi.

2. In da hali, a kwance ƙarfen da za a goge. Wani murfin yana tare baƙin mai, sai an juye man kafin a cire shi. Wanda bai iya ba, ya kai wa makaniki ya kwance masa. A zuba notina cikin gwangwani kada su ɓace. In ba za a kwance ba, a toshe kowace kafa da tsumma da leda.

3. A wanke maiƙo da kananzir da buroshi. Sannan a bi da ruwan sabulu, a ɗauraye, a shanya.

4. A yi gwaji. A shafa man goge ƙarfe a wani lungu. In tsumma ya yi baƙi, ƙarfen tsirara yake, ana iya goge shi. In bai yi baƙi ba, akwai fenti mai kama da gilashi a kansa. Muddin fentin bai ɓare ba, wanki kaɗai ya isa.

5. In ƙarfen ya yi fari-fari ko ya karce, a jiƙa sanfefa mai lamba 400 cikin ruwan sabulu. A riƙa gogawa a hankali ta fuska ɗaya, ba tare da dannawa ba. Kada a bari wurin ya bushe.

6. A ɗauraye, a koma lamba 600. Wannan karon a gitta, wato in da a tsaye aka goga, yanzu a goga a kwance. Kada a bar lamba sai zanen ta baya ya ɓace. Haka za a bi har zuwa ta ƙarshe. Wanda ya tsallake lamba zai ga zane a ƙarshen aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

7. A shafa man gogewa kaɗan, kamar ƙwayar wake. A murza da tsumma har ya yi baƙi, sannan a share da wani mai tsabta. A maimaita har ƙarfe ya yi sheƙi.

8. Kafin a mayar, a sake wankewa sosai. Garin sanfefa in ya shiga cikin inji, zai gauraya da mai ya riƙa cin ƙarfe daga ciki. Wajen ɗaure noti kuma a sassauta hannu, domin haƙoran alminiyam ba sa jure ƙarfi.

INDA BA A TAƁAWA

A nan ne mutane da yawa suke neman gira su rasa ido. Sanfefa ta bayan inji ce kawai.

Ba a sa ta a bakin murfi, inda ƙarfe biyu suke haɗuwa da gasket a tsakani. In wurin ya zaizaye, mai zai yi ta yoyo. Ba a sa ta cikin silinda, ko jikin fistin, ko cikin kafireto. Ba a goge wurin da aka buga lambar inji. In lambar ta shafe, mai babur zai sha wuyar nuna cewa nasa ne. Haƙarƙarin kan inji kuwa wanki yake so, ba sheƙi ba.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Sodar yin sabulu tana cin alminiyam, tana kuma fid da iska mai kama wuta. Ruwan toka da kanwa suna dusashe shi. Ruwan batir yana ƙona fata da tufafi. Soson ƙarfe da buroshin waya suna karce shi, su bar ɓurɓushin da zai yi tsatsa.

Kada a yi wanki da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobara. A yi aikin a fili, nesa da murhu da fitila da mai shan taba. Kada a zuba kananzir cikin kwalbar lemo, yara suna iya ɗauka su sha. Wanda aka yi wanki da shi kuma, kada a zubar kusa da rijiya ko rafi.

BAYAN AN GAMA

Sheƙin ba ya daɗewa in ba a kula ba. A riƙa share inji da tsumma bayan aiki. A ajiye shi a kan katako, wurin da ba danshi, nesa da buhunan taki. Lokacin da ya fi dacewa da babban wanki shi ne bayan kaka, kafin a shiga noman rani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

TAMBAYOYI

1. Yaya ake gane alminiyam?
2. Tsakanin sanfefa mai lamba 400 da mai lamba 1500, wacce ta fi laushi?
3. A rubuta wurare 3 da ba a sa musu sanfefa.
4. Don me ba a wanke inji da fetur?