Idan Kowa Ya Ce "To"

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini yanzu kai ake turawa ƙauyuka daga wurin aikinku, ka tara manoma ku tattauna. Allah ya sa albarka. Ta kuma ce ka dawo daga taronka na farko kana ta fara'a, wai ko mutum ɗaya bai yi maka gardama ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na yi shekaru ina malamin gona, kuma taron da har yau nake jin kunyarsa irin naka ne. Rijiyar burtsatse za a haƙa a wani gari, aka ce in je in ji inda jama'a ke so. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar fada, ni aka kawo mini kujera. Dagaci ya fara, ya ce a ganinsa filin gaban masallaci ya dace. Na ce, "Kowa ya yarda?" Aka amsa, "Madalla, ranka ya daɗe." Liman ya yi addu'a, aka shafa, na hau babur ina yaba wa kaina. Bayan wata uku na koma, famfo na ba da ruwa garau, amma mata da 'yammata na nan suna jan guga a tsohuwar rijiyar bayan gari. Ashe wurin da muka zaɓa daf yake da majalisar dattawa. Wace mace ce za ta zo ta sunkuya da tulu a gaban surukinta? Masu ɗiban ruwan ba a gayyace su ba. Samarin da suka hango matsalar kuwa ba su isa su tanka ba, tunda dagaci ya riga ya yi magana.

A ƙasar nan tamu "to" iri-iri ce. Akwai ta yarda, akwai ta kunya, akwai ta "gama ka tafi, mu koma gona". Akwai ma ta mai jiran a raba kuɗin mota, wanda ko cewa ka yi a shuka gero a kan dutse zai gyaɗa kai. Sai ka koyi rarrabe su da kunne da ido.

Fara da babba, amma tun kafin ranar taro. Je ka gaishe shi a zaurensa, ka ce, "Ranka ya daɗe, kai ne uba. Ka buɗe mana da sa albarka, sannan ka bari 'ya'yanka su fara, maganarka ta zama ta rufewa." Ban taɓa ganin basaraken da ya ƙi wannan ba, domin girma ka ƙara masa. Kai kuma ka mayar da kujerar, ka zauna a tabarma. Mata a yi nasu zaman a cikin gida, mace ta jagoranta, a lokacin da ba a ɗora tukunya ba, kuma abin da suka faɗa a kawo shi gaban maza da sunan shawarar mata, kada ya tsaya a littafinka. Ranar kasuwa kuwa, ko ka kira taro kai da iska za ku zauna.

Sai tambaya. "Kun gane?" ba tambaya ba ce, ba wanda zai ce bai gane ba a gaban ƙaninsa. Ka ce, "Bara gonar wa tsutsa ta fara shiga?" Nan take za ka ji an fara musu, wannan ya ce ta Malam ce ta bakin rafi, wancan ya ce a'a. Idan kuma ka yi tambaya aka yi tsit, danne zuciyarka. Mu 'yan boko shiru tsoro yake ba mu, sai mu yi wuf mu amsa wa kanmu. Manomi juya magana yake yi a ransa, yana kuma duban wanda ya kamata ya riga shi. Ba shi lokaci.

Wani Bature masanin raya karkara, Robert Chambers na Sussex a Ingila, ya shahara da kiran ma'aikata irinku su miƙa sanda. Sandar da kake nuni da ita a allo, miƙa wa manomi ya zana taswirar garinsu a ƙasa: ga burtali, ga fadama, ga inda ruwa ke kwanciya da damina. Wanda bai iya karatu ba ya iya wannan, sau da yawa ma ya fi ka. Haka aka yi a Indunusiya a 1989, da hukumar FAO ta fara makarantar manoma a gona. Manoman shinkafa kamar ashirin da biyar ke haɗuwa mako-mako tun daga shuka har girbi, su kamo ƙwari su duba da idonsu. Da kansu suka ga cewa yawan feshi yana kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinye ƙwaron da ke ɓata musu shinkafa. Da lacca aka yi musu, da sun ce "to".

Ni dabarar da ta fi yi mini amfani ƙwayar masara ce. A aje dutse a ce taki ne, ganye a ce hanya, ɓawon gyaɗa a ce ruwan sha. Kowa a ba shi ƙwaya goma, ya zaga bayan zana shi kaɗai ya zuba inda ya fi damunsa. A nan ƙwayar ɗan ƙodago da ta Alhaji nauyinsu ɗaya.

Ka kuma lura da wanda ya zauna can gefe. Shirin Fadama na biyu, da aka fara a 2004 da tallafin Bankin Duniya, an tsara shi ne a kan manoma da makiyaya da masunta su zauna tare su fitar da buƙatunsu. To makiyayi yakan zo a makare saboda shanu, kuma Hausa ba ita ya sha a nono ba. In ba ka kira Arɗo da girmamawa ka nemi mai fassara ba, a takarda za a rubuta ya halarta, alhali ruwan da yake shayar da dabbobi aka raba yana kallo.

Mai babakere da zance, kada ka kunyata shi. Ba shi aiki, ya riƙe lissafin masarar. Mai gardama kuwa, riƙe shi hannu biyu. Malaman sira sun kawo cewa a Badar, Hubabu ɗan Munziru ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, ya ba da shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuma tashi aka matsa. Wannan matsawar nake so ka duba. In mutane suka yi magana sau biyu ba su ga komai ya sauya ba, karo na uku yara za su turo maka. Don haka abin da aka riga aka yanke daga ofis, faɗa musu gaskiya an yanke, ka nuna musu ɓangaren da ke hannunsu.

Kafin a kira Magariba, sa ɗaya daga cikinsu ya maimaita abin da aka tsayar, wa zai yi me, kuma yaushe. Sannan kada ka yi saurin tada babur. Tsaya ka sha ruwa, ka yi ta gyara ɗaurin kayanka. Wani zai biyo ka a hankali, ya duba hagu da dama, ya ce, "Malam, da akwai 'yar magana." Kashe injin ka saurare shi, ka kuma nemi izininsa ka kawo ta a zama na gaba ba tare da ka ambaci sunansa ba.