Haɗa Jadawali da Taswira: Darasi daga Tabelot

Mai nazarin karin harshe yakan dawo daga fagen bincike da jadawali: sunan gari, harshen gida, harshen kasuwa, kalmomin aro. Iyakokin ƙananan hukumomi kuwa suna cikin fayil ɗin taswira dabam. Kafin a ga yadda harsuna suka bazu a ƙasa, sai an haɗa biyun.

Tabelot misali ce mai kyau. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Tchirozérine ta jihar Agadez, a tsaunukan Abzin, kusa da dutsen Bagzan. Tamajeq ne harshen gida, Hausa kuma tana da ƙarfi a harkar ciniki, musamman cinikin albasar lambunan yankin.

A manhajar R, ana karanta taswirar da st_read na kunshin sf, sannan a liƙa mata jadawalin da left_join na dplyr. Taswirar ake sa wa a gaba, domin kada siffar iyakokin ta salwanta.

Haɗin yana buƙatar mabuɗi, wato ginshiƙi guda da ke cikin fayilolin biyu. A nan ne matsalar take. Idan suna aka ɗauka a matsayin mabuɗi, kwamfuta harafi take kwatantawa da harafi: Agadez, Agadès da Agadas garuruwa uku ne a wurinta, Tchirozérine mai alamar Faransanci kuma ba Tchirozerine ba ce. Layin da bai dace ba yakan fito fanko ba tare da gargaɗi ba, taswira ta nuna kamar babu mai jin Hausa a wurin. Maganinsa shi ne a yi haɗin da lambar da aka ba kowace ƙaramar hukuma, irin wadda ke cikin taswirorin OCHA, sannan a duba ragowar da anti_join.

Saura hattara guda. Shafe Tabelot duka da launi ɗaya yana ɗora harshe a kan duwatsu da hamada, alhali jama'a a kwaruruka da bakin rijiyoyi suke zaune. Gara a ɗauki ma'aunin GPS na kowane ƙauye, a mai da shi ɗigo da st_as_sf, a haɗa da iyakokin ta st_join. Sharaɗin shi ne fayilolin biyu su kasance a tsarin ma'auni ɗaya, kamar WGS 84. Idan kuma za a auna nisa da mita, Tabelot tana shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM.