Me Ya Sa Wasu Ƙwayoyin Cuta Ke Canja Kama?

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga tambayar da iyaye mata ke yawan yi a Yargoje da ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: wai me ya sa allurar baƙon dauro sau biyu ta wadatar, amma masu ɗigon shan inna kullum suna ƙofar gida?

Baƙon dauro, shan inna, shawara, mura da ƙanjamau duk ƙwayoyin cuta ne da ake kira bairos, kuma bayanin halittarsu yana rubuce ne a wani sinadari mai suna RNA. Idan ƙwayar ta shiga jiki, sai ta dinga kwafar kanta. To, irin kwafar yara ce a aji ba malami: wannan ya kwafa daga littafin wancan, an tsallake harafi, ba mai gyarawa. Kusan kowane kwafi yana iya zuwa da kuskure. Yawancin kurakuran nakasa ƙwayar suke yi, amma jefi-jefi sai ɗaya ya ƙara mata ƙarfi.

Sai dai yadda kuskuren zai yi tasiri ya danganta da hanyar da cutar ke bi da kuma daɗewarta a jiki. Shawara dole ta rayu a jikin sauro, ta kuma rayu a jikin mutum. Canjin da ya yi mata daɗi a wurin ɗaya yakan cuce ta a wurin ɗayan, don haka a hankali take canjawa. Allurarta tun 1937 aka samo ta, kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Baƙon dauro kuwa ta iska yake bi, amma sashen da yake kama jikin yaro da shi ba ya jure canji, shi ya sa rigakafin da aka fara a 1963 yake aiki har yau. Ana yin sa a wata 9 da wata 15. Ƙanjamau ita zaman dindindin take yi a jiki, kullum tana kwafa. Mai shan magani yau ya bari gobe, fili ya ba wa wadda ta canja ta fi ƙarfin maganin.

Shan inna ita ce tamu, a nan za mu ɗan tsaya. Ta bayan gida take fita, ta koma bakin wani yaro ta ruwa ko hannu mara tsabta. Cikin yara kusan 200 da suka kamu, ɗaya ne ƙafarsa ke shanyewa, sauran suna yawo da ita ba a sani ba. A 2016 an gano ta a Borno, bincike ya nuna jikanyar wadda aka gani ce a 2011, wato shekara biyar tana zagayawa a ɓoye inda ma'aikata ba sa iya shiga. A watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka.

To me ya rage? Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa iyaye ita ce, ɗigon nan ƙwaya ce da aka raunana, tana kare yaron da aka ɗiga wa, tana kuma fita a kashinsa na 'yan makonni. Inda yara duk sun samu, nan take mutuwa. Inda kuwa da yawa ba su samu ba, sai ta yi ta wucewa daga ciki zuwa ciki wata da watanni, tana tara kurakurai har ƙarfinta ya dawo. Hakan ya faru a Arewa daga 2005, bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano a 2003.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne ƙauyukanmu da 'yan bindiga suka hana ma'aikatan lafiya shiga. Wadda ta yi gudun hijira zuwa cikin Ƙanƙara ko Funtuwa, ta kai yaranta asibiti a duba abin da suka rasa, ko da katin ya ɓace a hanya. A kuma zubar da kashin jariri a masai, a wanke hannu da sabulu, don shi ma yana ɗauke da ƙwaya kamar na babba.