Me Ya Sa Ba a Amsa Wasiƙunsa?

Wani dillalin kayan gini ya rubuto yana kukan kamfanoni ba sa amsa wasiƙunsa. Kwafin da ya haɗo ya nuna matsalar: gaisuwa da yabo sun cinye rabin shafi, maganar siminti tana can ƙasa.

A watan Agustan 1940, ana tsakiyar yaƙi, Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya umarci jami'ansa su riƙa gajarta rahotanni, domin dogon rubutu na cin lokaci. Manajan kamfani ma takardu sun yi masa yawa.

Sai mai tambaya ya fara da buƙatarsa: buhu nawa, a kan nawa, yaushe za a kawo. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar, ba rashin ladabi ba ne. Kafin ya aika, ya karanta a bayyane, ya goge duk jimlar da ta maimaita wata.