Yadda Mai Gida Zai Cika wa Ɗan Haya Takardunsa

Fara da yarjejeniya a rubuce: sunayenku, unguwa, kuɗin shekara, ranar shiga da ta fita, shaidu biyu. Wannan kowa ya iya.

A wajen rasit ake tafka kuskure. Tun daga 1 ga Janairun 2026, sabuwar dokar haraji ta ba ɗan haya damar a cire masa kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba. Malamin makaranta a Ƙanƙara da ke biyan 200,000, za a ware masa 40,000 kafin a yanki harajin albashi. Ba tsabar kuɗi za a miƙa masa ba, kada 'yan majalisar ƙofar gida su ruɗe shi. Kuma sai ya kawo shaidar biya, wadda ke hannunka. Don haka sayi littafin rasit mai kwafi biyu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Rubuta adadin da lamba da kuma harufa, da watannin da kuɗin ya ɗauka, da adireshin gidan, ka sa hannu. Takardar POS ba ta wadatar ba: ba ta faɗin kuɗin mene ne, rubutunta kuma gogewa yake yi.

Wani zai ce da amana muke zaune, takarda zargi ce. Ai aya ta 282 ta Suratul Baƙara rubuta bashi ta umarta tsakanin muminai. Wani kuma tsoronsa kada rasit ya jawo masa hukumar tara haraji ta Jihar Katsina. Kuɗin haya dama yana cikin abin da ake biya wa haraji, kuma naira 800,000 na farko na jimillar kuɗin shigar mutum a shekara ba a karɓar komai a kai.

Harajin gini na ƙaramar hukuma ne. Ku rubuta wanda zai biya. In ɗan haya ya biya a madadinka, karɓi rasit ɗin ka cire masa a haya.

Sai batun mayar da kuɗi. A Faskari da Sabuwa iyalai da yawa tsoron 'yan bindiga ne ya kawo su gari, kuma sukan koma ƙauye da zarar an samu sauƙi. Rubuta tun ranar shiga cewa wanda ya tashi kafin wa'adi za a mayar masa da kuɗin watannin da bai zauna ba, cikin kwana kaza, bayan an duba gyara a gaban shaidun nan biyu.